Fitilar Matakalar Benenmu da Ƙaryar da Na Yi

Zuwa ga Shugaban kwamitin masu shaguna na benen bakin kasuwa, Madarumfa, da dukan membobin kwamitin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ku da iyalanku, Allah ya sa wa kasuwa albarka.

Ranka ya daɗe, ni ne Malam Isufu, tsohon da ke zama da tebur a ƙofar benen yana rubuta wa mutane wasiƙu da cika musu takardun hukuma. Na rubuta wannan a fili ne domin sau biyu na yi wa sakatarenku magana da baki, ya ce an ji, kuma har yau ba a taɓa komai ba. Ga kuma zance yana yawo a kasuwa wanda ba gaskiya ba ne, ni kaɗai na san haka.

1. Ba na ƙin sababbin fitilun da kuka sa bayan ƙaramar Salla. Da can ampul, wato ƙwan fitila, na matakala da na baranda suna kwana suna wuni a kunne, ko da mutum ko babu, kowane wata ana rigima a kan faktir ɗin kuran, wato takardar kuɗin wuta. Yanzu akwai ɗan abin nan da muke kira ido, wanda ke kunna wuta idan ya ga motsi, ya kashe ta bayan ɗan lokaci. Ni na karanta muku takardarsa ta Faransanci, ni na ce abu ne mai kyau. Faktir ta ragu, kowa ya shaida. Har yanzu ina kan maganata.

2. Matakalarmu tana cikin gini, ba taga, ko da rana tsaka duhu ne. Taki goma sha takwas ne, da kwana a tsakiya. Ido ɗaya yana ƙasa, ɗaya yana sama, babu wanda ke ganin kwanar. Mutum na shiga, wuta ta kama, ta soma ƙidayar lokacinta. In lokacin ya cika bai fita ba, sai duhu.

3. Ga inda laifina yake. Ranar da mai aikin sa fitilun ya zo daga Maradi, ya ce a samo masa wanda ya fi kowa tsufa a ginin ya hau, shi kuma ya auna da agogo, don ya daidaita lokacin wutar da tafiyar mai rauni. Hankali ne ya yi. Aka nuna ni. Mutane suka taru, sai Na'Allah mai kayan miya, Bagobirin nan abokin wasana, ya ce ai Bakatsine in ya tsufa sai da jaki, a je a aro masa. Aka yi dariya. Ni kuwa, mai shekara saba'in da ƴan kai, sai zuciya ta ɗebe ni kamar yaro. Na jingine sandata a jikin tebur, na tattare riga, na haye ba tsayawa. Aka tafa mini. Abin da ba ku gani ba shi ne na faɗa shagon tela na zauna a kan buhun ƙyalle, ƙirjina kamar zai tsage, na daɗe kafin numfashina ya dawo.

Da na sauko, mai aikin ya tambaye ni har sau biyu ko haka na saba hawa. Na ce masa haka nake hawa kullum. Ƙarya na yi. Lokacin hawan da na saba ya ninka wannan sau uku, kuma sai na huta a kwana. Ya ƙara ɗan lokaci a kan abin da ya auna, ya ɗaure kayansa ya tafi.

4. Ba a yi sati ba wutar ta mutu mini a kwanar. Na tsaya riƙe da bango har wani ya shigo daga ƙasa ta kama. Ta sake yi mini haka. A lokacin ya kamata in zo gare ku. Amma zuwa gare ku yana nufin in ce hawan da aka tafa mini na bogi ne, sai na zaɓi in daina hawa, na yi shiru.

5. Malam Habu mai ɗinkin hula ba shi da wannan zaɓi, shagonsa a sama yake. Ya girme ni a rashin ƙarfi ko da na girme shi a shekaru, idonsa kuma allura ta cinye shi. Ranar wata Talata, makonni uku ke nan, ya taso zai sauko sallar Azahar. Ya tsaya a kwana ya huta kamar yadda ya saba, wuta ta ɗauke, ya kai ƙafa inda babu taki. Ina zaune a teburina na ji faɗuwarsa. Ƙashin ƙugunsa ya karye. An kai shi likita a Maradi, an dawo da shi gida, yana kwance, an ce da wuya ya sake hawa bene.

Yanzu wasu na cewa mai aikin ne ya yi ha'inci, wasu na cewa Malam Habu ne bai kula ba. Ko ɗaya ba gaskiya ba ne. Mai aikin ya tambaya, an ba shi amsar ƙarya. Malam Habu kuwa shekara ashirin yana sauka wannan matakala bai taɓa tuntuɓe ba.

Kun san tun rasuwar matata ni kaɗai ne a gida, ƴaƴana suna nesa, sai waya. Malam Habu ne kullum bayan La'asar yake saukowa ya zauna a bencina, yana ɗinki ina karanta masa abin da ke cikin tsohuwar jarida, muna musu a kan ruwan tabki, ko ya kai na bara ko bai kai ba. Tun da ya faɗi, sau ɗaya na je gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya ce ƙaddara ce, ya tambaye ni wa ke saya mini goro yanzu. Ban iya komawa ba.

6. Amma ku ma, ranka ya daɗe, da naku. Makonni uku bayan mutum ya karye, wutar tana nan yadda take. Hajiya Rabi mai saida atamfa tana hawa da ciwon gwiwa. Mata masu goyo suna hawa wurin tela. Shekaranjiya na ga wata tana sauka da fitilar wayarta a baki, hannu ɗaya da yaro, ɗaya da ƙunshin kaya. Sakatarenku ya ce mini kiran mai aikin daga Maradi sai an yi taro. Taron wa ake jira?

Don haka ina roƙonku abu huɗu.

Na farko, daga yau a bar wutar matakala a kunne tun buɗe shaguna har rufewa, sai an gyara. Ta baranda da ta bayan gida su ci gaba yadda suke.

Na biyu, a kira mai aikin ya tsawaita lokacin, ya ƙara ido a kwanar, a kuma gaya masa ba a ga laifinsa ba.

Na uku, kada ku ce za ku cire na'urar gaba ɗaya saboda wannan. Ba ita ta yi ƙarya ba.

Na huɗu, kada a ba kowa shagon Malam Habu. In akwai ɗaki a ƙasa, a musanya masa, ko da nawa wurin ne za a ba shi, ni na koma ƙarƙashin rumfa.

Akwai na biyar, wanda ba na kwamiti ba ne. Malam Habu ba ya karatun boko, ni kuma na gwada faɗa masa da bakina harshena ya ƙi. Ina roƙon ɗayanku ya je gidansa ya karanta masa takardar nan, tun daga sama har ƙasa, kada ya tsallake lamba ta uku. Abin da ya ce, a zo a gaya mini yadda ya faɗe shi, kada a gyara.

Allah ya ba shi lafiya, ya yafe mini. Allah ya yi muku jagora a kan amanar da ke wuyanku, ya tsare ku da iyalanku, ya ba ku tsufa mai mutunci.

Wassalam.

Naku,
Malam Isufu mai rubutun wasiƙu,
Madarumfa.