Zazzaɓin da Na Ɓoye

Manchester,
21 ga Yuli, 2020

Yaya Kubura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan za ta same ki hankalinki ya ɗan kwanta. Yaya jikin Yaya Sha'aban? Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Mai ɗakina Shifa tana gaishe ki, ta ce ta yi magana da wata ƙawarta likita a asibitin da aka kwantar da shi, za ta riƙa leƙa shi. Hanan ma tana gaida Gwaggonta.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da ke da waya a aljihu. Jiya sau uku na kira ki, duk sanda kika ɗauka sai dai in yi miki sannu in kashe. Shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar da kika yi min shekaranjiya ce ta tsaya min a rai. Kin ce ke kika ɗauko masa koronar daga wurin aikinki, kin ce wata huɗu kina cire kayan asibiti a bakin ƙofa, kina wanka kafin ki gaishe shi, amma duk da haka kin kai masa. Har kika ba ni haƙuri, wai ta hannunsa cutar ta kama Hanan. Yaya, don Allah ki daina ɗora wa kanki. Ba wanda ya kai ki kiyayewa. Kada ki sake ba ni haƙuri a kan wannan.

Hanan ta warware, zazzaɓin ya sauka, sai dai ba ta cin abinci sosai. Muna killace a gida har zuwa ƙarshen wata. Gwajin Shifa bai nuna komai ba, nawa ma haka.

Ina yawan tuna ranar Asabar ɗin nan da muka haɗu da shi a filin wasa. Ke kina bakin aiki, ba ki ga yadda ya zama yaro ba. Mutum mai shekara hamsin da takwas, akanta, da hularsa da takunkuminsa, ya hau lilon dawakai sau biyu saboda Hanan ta ce sai da shi. Ya karanta kowane allo da na sa aka kafa, ya taka kowane zanen tazara da ke ƙasa, yana ce wa ma'aikata ƙanin matarsa ne ya tsara duk wannan. Kin san tun watan Mayu nake wannan aikin: mutum nawa za su shiga, kujera nawa za a bari babu kowa, bayan zagaye nawa za a tsaya a goge maƙale-maƙalen lilo. Ranar na ji daɗin yabon da ya yi min fiye da na shugabannin wurin.

Na kuma tuna cewa da farko kin hana. Kin ce mai ciwon suga ba shi da abin yi a cikin taro, ni na ce ki yarda da ni.

Akwai sauran magana, amma ba yau ba. Ki daure ki ci abinci ko kaɗan ne. Allah ya tashi kafaɗunsa.

Ƙaninki,
Bara'u


Manchester,
1 ga Agusta, 2020

Yaya Kubura,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, in ana iya cewa haka ga wadda ta yi ta ita kaɗai a gida, mijinta yana sashen kulawa ta musamman. Yaya jikin nasa? Yaya ƙarfin halinki? Allah ya dube mu.

Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Wasiƙar da na aiko miki kwanan baya babu ƙarya a cikinta, amma babu gaskiya.

Ba ranar Talata zazzaɓin Hanan ya fara ba, kamar yadda na gaya miki. Ranar Asabar ne da safe, kafin mu bar gida. Shifa ta fita aiki tun asuba. Na je tashin Hanan na ji jikinta da zafi, na auna, talatin da takwas da ɗigo uku. Ta yi tari sau biyu muna karyawa. Ni na rubuta dokar da ta ce duk wanda na'urar bakin ƙofa ta nuna zafinsa ya kai talatin da bakwai da ɗigo takwas a mayar da shi, shi da duk waɗanda suka zo tare. Ba wanda ya fi ni sanin abin da ya kamata in yi.

Na ba ta farasitamol, na lissafa lokacin da zai fara aiki da lokacin da za mu isa. Na ƙure sanyin mota. Da muka kusa na ba ta ruwan sanyi, na goge mata goshi da jiƙaƙƙen tawul. Sannan na tsugunna a wurin ajiye motoci na ce mata kada ta gaya wa kowa ta ji zafi da safe, sirrinmu ne ni da ita. Yarinya 'yar shekara bakwai, Yaya. Ta gyaɗa kai tana murna an ba ta amana.

Na daɗe ina gaya wa kaina tausayi ne ya sa. Wata huɗu tana kulle a hawa na shida, tana kallon motocin bas na Oxford Road suna wucewa babu kowa a ciki, tana soke kwanaki a kalanda. Akwai tausayin. Amma yanzu da nake zaune ba inda zan je, na ga abin da ya fi shi yawa. Ina so Yaya Sha'aban ya gan ni da katin aiki a wuya, ma'aikata suna tambayata izini. Tun ina ɗalibi a Selly Oak a can garinku, ina zuwa gidanku na unguwar Lozells cin tuwo duk Juma'a, ban taɓa nuna masa wani abu da zan ce ni na yi ba.

Wadda ke bakin ƙofa ranar wata yarinya ce Bethany. Da ta gan ni sai ta yi dariya, ta ɗora na'urar a goshin Hanan, ta ce mu wuce. Ita ce dai wadda sati guda kafin nan, ranar buɗewa, ta kira ni a rediyon ma'aikata saboda wata tsohuwa da jikarta Chloe. Zafin yarinyar ya wuce ƙa'ida da ɗigo ɗaya tak. Tsohuwar ta ce bas biyu suka hau, rana ce ta dake su a layi, a bari ta huta a sake aunawa. Na ƙi. Na tsaya a gaban mutane na yi mata bayani a kan haƙƙin sauran jama'a, da murya mai laushi irin ta wanda ya san yana da gaskiya. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe jakar kakarta suka juya.

Yaya Sha'aban ya wuni da Hanan. Ya ɗauke ta a kafaɗa, sun sha askirim da cokali ɗaya, da ta gaji ta yi barci a ƙirjinsa a inuwa. Ina kallo. Da azahar na ja ta gefe na ƙara mata maganin.

Ba a nan na tsaya ba. Da gwajinta ya fito, jami'an bibiyar cuta suka kira suka tambayi ranar da alamu suka fara, na ce Talata. Da na ce Asabar, da sun kira shi a ranar, da an fara lura da numfashinsa tun kafin ya faɗi a bene. Da kuma sun nemi waɗanda muka tsaya layi tare. Ban san su ba, ban san abin da ya same su ba.

Sannan kika kira kina ba ni haƙuri, na saurare ki har kika gama.

Ba ni na tona kaina ba, kada ki ba ni ko wannan. Jiya Shifa ta fito wa Hanan da kayan Sallah, ta ƙi sawa, ta shige bayan kujera. Da uwar ta matsa mata sai ta dube ni ta ce, da Turancinta na 'yan Manchester, ko yanzu za ta iya faɗin sirrin, tunda ita ce ta sa Uncle zai mutu. Kwana ashirin tana ɗauke da wannan. Shi ya sa ba ta cin abinci.

Shifa ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki yarinyar suka shiga ɗaki, da ta fito ta ce min, “Ka rubuta wa Yaya, ko ni in kira ta.”

Ba ke ba ce, Yaya. Ban isa in rantse cewa daga Hanan ya ɗauka ba, amma na san abin da na sani na ɓoye. Ban roƙi yafiya a wannan takardar ba, don ban ga fuskar da zan roƙa da ita ba.

Allah ya ba shi lafiya.

Bara'u


Manchester,
6 ga Satumba, 2020

Yaya Kubura,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma taya ki murnar dawowar Yaya Sha'aban gida. Alhamdu lillahi. Yaya jikin nasa? Yaya hidima? Na ji an sauko masa da gado falo saboda ba ya iya hawa bene, kuma har yanzu da tukunyar iskar numfashi a gefensa. Allah ya ƙara sauƙi, ke kuma ya ba ki lada.

Sati biyar ke nan ba ki amsa ba, kuma ban ga laifinki ba. Na san kina kiran wayar Shifa ki ce a ba Hanan. Na gode. Ban san abin da kike gaya mata ba, amma ta koma cin abinci, jiya har ta nemi ƙari. Ni ma na zaunar da ita na ce mata laifina ne, babba ne ya sa ta yin abin da bai kamata ba, kuma duk wanda ya sake ce mata ta ɓoye wa mamanta wani abu, ko ni ne, ta je ta faɗa. Ta ce to. Har yanzu in na miƙa mata magani sai ta dubi uwarta tukuna.

Na kira jami'an bibiyar cutar nan na gyara ranar, suka ce lokaci ya riga ya wuce. Na kuma je wurin shugaban filin wasan na faɗa masa komai, na roƙe shi kada abin ya shafi Bethany. Ya karɓe katin aikina. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce in bi ta ƙofar baya.

Ranar Alhamis Yaya Sha'aban ya kira ni. Na kusa ƙin ɗauka. Yana magana yana tsayawa neman numfashi, abin da zai faɗa a minti biyu ya kai mu kwata. Ya ce ya sani tun ranar. Da ya ɗauki Hanan a kafaɗa ya ji zafin ƙafafunta a wuyansa, kuma a kan lilo ta raɗa masa cewa tana da sirri da Daddy. Na ce me ya hana shi magana, me ya hana shi ajiye ta ya koma mota. Ya ce, “Ranarka ce, Bara'u. A gaban yaranka na aiki zan kunyata ka?”

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ya ce ke ma ya gaya miki, kuma yanzu mu biyu kike fushi da mu. Yaya, kada ki haɗa mu. Shi kara ya yi min, ni kuwa na san abin da nake yi.

Wani kamfanin jiragen ruwan yawon shaƙatawa ya neme ni tun watan Yuli, suna son a tsara musu yadda za su koma ɗaukar fasinja baɗi. Na yi niyyar ƙi. Yaya Sha'aban ya ce in karɓa, amma da sharaɗin in fara gaya musu abin da na yi. Na rubuta musu. Na ce na'urar auna zafi a bakin ƙofa ba za ta tsare musu jirgi ba, don uban da ya yi wa 'yarsa alkawari zai san yadda zai wuce ta, kuma ni shaida ne. Na ce a yi wa kowa gwaji kafin hawa, a kuma sauƙaƙa wa mutum ɗaga tafiyarsa, yadda faɗin gaskiya ba zai zame masa asara ba. Ba su amsa ba tukuna. Mai yiwuwa ba za su amsa ba.

Roƙo ɗaya nake da shi. Hanan tana so ta gan shi da idonta, hoton waya bai ishe ta ba. Ranar Asabar bayan azahar za mu zo Lozells. Doka ta hana mu mutanen Manchester shiga gidan kowa, kuma ba za mu shiga ba. Shifa za ta riƙo hannun Hanan su tsaya a bakin titi, daidai tagar falo. Ni zan ajiye mota a ƙarshen layi, kusa da shagon mai nama, in zauna a ciki. Ba sai kin fito ba, ba sai kin ce min komai ba. Ki dai ɗaga musu labule.

Ki gaishe min da shi. Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Bara'u