Gam a Gaban Bas ɗin Babana

Litinin, 2 ga Yuni

Maigida gwiwarsa tana nan yadda take. Auta lafiya lau, sai murar da ta ɗebo a asibitin da take koyon aiki. Ni ƙalau, in ban da ciwon kai. Babana kuwa ban san layin da zan sa shi ba. Ɗana na fari, mai sunan mahaifina. Likita ya ce ƙafar ta warke, yana takawa babu sanda. Amma yau wata goma sha ɗaya rabonsa da ƙofar gida, tun da aka sallamo shi bayan hatsarin bas ɗin da yake tuƙawa. Yana kaiwa bakin ƙofa sai gumi ya karyo masa, ya juyo.

Aikinsa daga safe har yamma, bulo. 'Yan bulon roba na wasan yara masu maƙalewa da juna. Ya cika kanta biyu da motoci: tirela, tanka, motar kashe gobara, har motar shara mai ɗaga kwando. Da safe na taka bulo ɗaya a bakin banɗaki, sai da na zauna a ƙasa. Na ce, Babana, shekararka talatin da ɗaya, sa'anninka suna kai 'ya'yansu makaranta. Ya ce, "Umma, ina ya yi? Tun jiya nake nemansa."

Malamarmu ta ajin manya ta ce mu riƙa rubuta abin da ya dame mu, hannu ya saba. To ga shi.

Laraba, 4 ga Yuni

Ƙarar nan. Kacau-kacau, yana ta yamutsa akwatin bulo. Har cikin haƙorana nake jin ta.

Asabar, 7 ga Yuni

Abokan bulonsa sun zo. A waya ya same su, kuma da yake ba ya fita, su suke zuwa duk Asabar. Likitan Haƙori, mutum da furfurarsa. Malamar lissafi, tana da 'ya'ya uku. Sai wani da suke kira Dogo, ban san aikinsa ba, ban da cinye mini biskit.

Awa biyu suna musu a kan faɗin mota. 'Yan tudun nan na saman bulo, ido suke ce musu, da su suke awo. Likita ya ce motar kirki faɗinta ido shida, duk abin da ya wuce haka akwatin gawa ne mai taya. Babana ya ce a ido shida ina za ka sa kujera biyu da hanyar wucewa, fasinja ta taga zai shiga? Malama ta ce Likita tsoron takwas yake yi saboda sai ya rushe titin da ya gina a falonsa, matarsa kuma ta gaji. Dogo ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Manyan mutane.

Sai Babana ya yaye ƙyallen da ke kan tebur. Bas ce, ja da fari, tsawon damtsena. Babu littafin da ya bi, daga kansa ya fitar da ita, wata huɗu yana yi. Ƙofar tana naɗewa. In ka murɗa sitiyari tayoyin gaba suna juyawa. Na gane ta tun daga bakin ƙofa. Ita ce. Har lambar. Me zai sa mutum ya zauna ya gina abin da ya kusa kashe shi, ni dai ban gane ba.

Malama ta ce ranar 28 za su baje motocinsu a zauren laburare, za ta zo ta ɗaukar masa. Ya ce, "A'a, ba ki san inda ake riƙe ta ba. Ni zan kawo ta."

Ina riƙe da tire. Na ajiye a hankali na fita, kada ya ga fuskata ya fasa.

Talata, 10 ga Yuni

Rubutun yau zai yi muni.

Mai gasa masa ƙafa ya zo ƙarfe goma, suka fita tsakar gida. Na ce bari in shiga in buɗe taga, ɗakin ya sha iska. Labule ya kama madubin gefen bas ɗin. Ina kallo ta zame. Na tare bayan da cikina, amma gaban ya bugi ƙasa ya watse. Gilashin gaba, fitilu, da wasu ƙanana kamar hatsi.

Na tsince duka, har ƙarƙashin gado na shiga. Na mayar, ya faɗo. Na danna nan, can ya ɓalle. Ina jin mai gasa ƙafar yana ƙirga masa a waje, saura ɗagawa ashirin, saura goma. Abin da ke kaina ɗaya ne: in ya ga ta karye, ranar 28 ta tafi. Na ɗauko gam ɗin nan mai kamawa nan take, wanda na liƙe hannun kofi da shi. Ɗigo-ɗigo na sa. Ya kama ƙam. Na rufe da ƙyallen.

Ta ma fi da ƙarfi, in za a faɗi gaskiya.

Laraba, 11 ga Yuni

Gilashin ya yi fari. Jiya garau yake, yau kamar an shafa masa alli daga ciki. Ashe haka gam ɗin yake yi wa roba.

Ya kira Auta ya tambaye ta, ta rantse ba ta shiga ba. Ina kicin ina ji, na yi shiru. Wannan shirun ya fi gam ɗin damuna. Sai ga shi a ƙofar kicin da gaban motar a hannu, dunƙule ɗaya. Bai ɗaga murya ba. Ya kalli babban yatsana, fatar ta bushe ta yi fari.

Ya ce, "Umma, da kin bar ta a ƙasa, minti goma ne in mayar."

Na ce ai gyara na yi.

"Kin sa fitila a kife. Kin liƙe sitiyari. Gilashin kuma babu wani."

Na ce to a sayo wani mana, roba ce fa. Ya shiga ɗaki ya sa sakata.

Alhamis, 12 ga Yuni

Babu kacau-kacau. Tiren abinci ya dawo yadda na kai shi.

Asabar, 14 ga Yuni

Sun zo, bai buɗe ba. Ya aika musu a waya cewa a cire sunansa daga masu baje motoci. Na tsaya da su a bakin ƙofa kamar mai ba da haƙurin bashin da ba ta ci ba. Malama ce ta yi mini bayani. Wai a wajensu gam haramun ne, ko ɗigo ɗaya aka gani ba a karɓar mota. Ƙwarewar ita ce abu ya tsaya da kansa, kuma gobe a iya kwance shi a gina wani. Na ce wa ya kafa wannan dokar, gwamnati? Dogo ya ce, "Mama, da ma wuta kika sa mata, da an ce ƙaddara ce." Malama ta taka masa ƙafa.

Maigida ya ce in ƙyale shi, yunwa za ta fito da shi. Na ce wata goma sha ɗaya yunwa ba ta fito da shi ba. Ya ce to ke da kika iya, ga inda iyawarki ta kai mu. Ban yi masa magana ba har yamma. Shi ma bai lura ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Na tsinci dunƙulen a kwandon shara. Na jiƙa a ruwan zafi, ko gezau. Auta ta kawo ruwan goge farce, muka ɗiga, robar ta yi laushi ta narke kamar kyandir. Auta ta ce, "Umma, don Allah ki daina gyara." Ita ma.

Laraba, 18 ga Yuni

Na je wurin Likitan Haƙori. Ban gaya wa kowa ba. Aka ba ni lamba na zauna cikin masu kumburin kumatu, wata tana tambayata na sama ne ko na ƙasa. Da na shiga ya ce in hau kujera. Na buɗe jaka na ajiye masa dunƙulen a kan tiren kayan aikinsa. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallo, kamar an kawo masa gawar ɗan'uwa.

Ya ce sauran duka ana samu. Matsalar gilashin ce. Mai lanƙwasa ne, faɗin ido takwas, an daina yin irinsa tun Babana yana firamare. Wata uku yaron ya yi yana nema kafin wani ya aiko masa daga nesa. Na ce kai da kake tarawa shekara da shekaru, ba ka da shi? Ya yi tari. Ya ce yana da guda ɗaya, amma yana jikin wata tsohuwar motar asibiti da ba a taɓa buɗe kwalinta ba. Na ce to buɗe. Ya ce, "Hajiya, ki ce in cire miki haƙorina na gaba, yanzu in cire."

Mota a kwali, ba a gina ba, ba a taɓa ba, kallon kwalin kawai ake yi. Yaro yana can a kulle. Na faɗa masa haka, har da abin da ya fi haka. Ya sunkuyar da kai, amma bai buɗe ba. Ya ba ni wani daga aljihun teburinsa, mai ido shida, ya ce ko Allah zai sa yaron ya dawo hanya.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na tura masa gilashin ta ƙarƙashin ƙofa. Bayan ɗan lokaci aka turo shi waje. Ta cikin ƙofa ya ce, "Shida ne." Na ce ba za a matse motar ba?

Na zauna a kan kujerar falo na ƙirga da farce. Shida ne kuwa.

Asabar, 21 ga Yuni

Na mayar wa Likita kayansa, kada ya ce na cinye. A tashar dawowa na yi kusan awa ina jira, kuma na kama kaina ina leƙen gaban kowace mota kamar mai neman ɓataccen ɗa. Sai ga wata tsohuwar bas ta ma'aikatan kamfani, tana hayaƙi. Gilashinta biyu ne, da ƙarfe siriri a tsakiya. Na bi ta da kallo har motata ta zo ta wuce, sai da na jira wata.

Huɗu da huɗu takwas. Ko ni na san wannan.

Na yagi takarda daga littafin nan na zana, duk da zanen ya fi kama da gidan sauro. Na rubuta a ƙasa: Babana na yi laifi, kuma na yi shiru aka tuhumi ƙanwarka. Ga wata na gani a tasha. Sau uku na sake rubutawa saboda kalmar tuhuma. Na tura.

Ba a turo ta waje ba.

Lahadi, 22 ga Yuni

Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, kacau. Sai shiru. Sai kuma kacau-kacau. Na saki wuƙa a kan albasa na tsaya.

Da rana ya buɗe. Ya rame, gemu duk ya cukurkuɗe. Ya ce yana da mai ido huɗu guda ɗaya a jikin motar shara, zai cire. Amma ƙarfen tsakiya zai ci wuri, sai ya kwantar da gilasan a gefe ya sake ginin gaban gaba ɗaya, har sitiyari. Ya yi ta bayani, rabi ban gane ba, na dai riƙa gyaɗa kai.

Sai ya ce, "Amma tawa gilashi ɗaya gare ta. In na yi haka ba ita ba ce."

Na ce eh, ba ita ba ce.

Ya daɗe yana juya takardata a hannu. Ya ce, "Lambar ma sai a canza."

Bai ce zai je laburaren ba. Bai ce ba zai je ba. Ya ce Malama tana da irin gilashin a cikin tarkacenta, amma shi ba zai roƙa ba bayan ya ce a cire sunansa. Taurin kai, na gidan ubansa.

Litinin, 23 ga Yuni

Ya zube mini akwati guda a kan tabarma, wai in ware masa. Na ware ja da ja, fari da fari, awa biyu, baya kamar zai tsage. Ya zo ya duba ya ce ba da launi ake warewa ba, da siffa ne, ta yaya zai ga ƙaramin ja a cikin ja dubu? Na ce to ka zo ka yi abinka. Ya tafi. Na sake daga farko. Ba don komai ba, don kada a taka ne. Masu faɗi daban, masu gangare daban, 'yan ƙananan masu ido ɗaya a cikin kofin shayi. Akwai wani mai ƙugiya a gefe, ban san amfaninsa ba tukuna, na ajiye shi a gefe in tambaya.

Maigida ya leƙo ya ce yanzu mahaukatan sun zama biyu. Na ce ya ɗaga ƙafarsa, yana kan taya.

Ga abin da Auta za ta tura wa Malama daga wayata, na fara rubutawa a nan don kada in yi kuskure:

Malama, barka da aiki, ya yara. Mahaifiyar mai bas ce. Don Allah kada a cire sunansa tukuna. Muna neman gilashi guda ɗaya, faɗin ido huɗu, tsayin bulo uku, miƙaƙƙe ba mai lanƙwasa ba, garau ba mai duhu ba, don na wajenmu garau ne kada su bambanta. Aro ne, zai dawo miki yadda yake, babu abin da zai taɓa shi, na yi alkawari. Ba sai kin kawo ba, ni zan zo makaranta in karɓa. Ya ce kwana biyu zai yi yana gina gaban, saboda haka ki taimaka ki ba ni amsa kafin Alhamis.