Ɗiyata ta fi son tabarmar maƙwabta da gidana

Assalamu alaikum, Malama Halimatus Sa'adiyya. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ba ni da wanda zan faɗa wa. Ni ba mai kai kuka ba ne. Daga aji uku na sakandare na kama walda, yau ina da shagona a Ƙofar Guga, rabin ƙofofin ƙarfen unguwarmu ni na buga su, gidan da nake ciki kuma ba gadonsa na yi ba.

Bara Allah Ya yi wa matata rasuwa, ta bar mini ɗiya ɗaya mai shekara huɗu. Ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa Ummi nake ce mata. Yadda aka rene mu, uba ba ya ɗaukar ɗan fari, ba ya wasa da shi. Ni ban taɓa zama tabarma ɗaya da mahaifina ba. Akwai dattijuwar da ke yi wa Ummi girki da wanka, da la'asar ta tafi. Daga nan gidan sai ni sai ita sai ƙarar fanka.

To, wasu mata ma'aikatan laburare suna zuwa gidan maƙwabciyarmu Hajiya Rakiya duk Asabar. Su shimfiɗa tabarma a tsakar gida, iyaye mata su kawo ƙananan yara, a buɗe littattafai masu hotuna, a yi waƙa, a ba kowa aron littafi ya je a karanta masa a gida. Gidan ba shiga ne, iyakata ƙofa. Nakan tsaya kamar ina duba babur ɗina, ina jiyo dariyar Ummi ta katanga, irin wadda ba ta yi a gidana.

Ranar da ta fara zuwa da littafin aro, duk gefensa a lanƙwashe, raina ya ɓaci. Ɗiyata da aro? Na sayo sababbi kwali guda, na ƙera musu kabet mai gilashi da hannuna, na kulle kada ta yayyaga. Na zaunar da ita, ina kujera tana ƙasa, ina nuna harafi da biro tana maimaitawa, yadda aka koya mana. Ba mu kai shafi na biyu ba ta fashe da kuka. Yanzu in ta ga na ɗauko mabuɗin sai ta ɓuya bayan labule. Ɗaya daga cikin matan laburaren ta aiko ta bakin mijin Hajiya, wai in riƙa ɗora Ummi a cinya muna kallon hotunan tare. Wallahi ji na yi kamar an ce ban iya riƙon ɗiyata ba.

Ga yayata da ke Kano ta matsa in ba ta yarinyar, wai namiji ba ya reno. Zuciyata kuma na ce mini in hana Ummi zuwa zaman Asabar ɗin. In na ba da ita, wa zan dawo in tarar?

Mai Walda, Katsina

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mai ɗakinka.

Kada ka hana ta zuwa. A can ne take ganin iyaye mata, kuma tana bukatarsu. Yayarka ma ba gaba take da kai ba, wannan giɓin ta hango. Ka bar Ummi ta riƙa yi mata hutu, amma batun riƙo ka ajiye shi tukuna.

Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ban raina ta ba. Sai dai lokacin da mahaifinka ya yi maka ita, kana da cinyar uwa da ta kaka. Ummi in ka ja baya, babu kowa.

Mai shekara huɗu ba a fara mata da harafi. Sauko ka zauna ƙasa, ita ta riƙe littafin, ta gaya maka abin da akuya ke yi a hoton, ko da a kife ta riƙe shi. Ka tambaye ta, ka yi kukan akuyar, babu mai ganinka. Haruffa za su zo daga baya. Sababbin littattafan kuma a bar mata su inda hannunta zai kai, in sun yage a liƙe.

Saƙon matar laburare ba raini ba ne, abin da suke gaya wa kowace uwa ke nan. Ka mayar da amsa ta bakin mijin Hajiya, ka roƙi su riƙa yi wa iyaye maza zama a zaurenka. Na tabbata ba kai kaɗai ke tsayawa a ƙofa ba, kai ma ka samu abokan hira.

Ranar farko wataƙila ta ƙi matsowa. Kada ka yi fushi, gobe ka sake zama. Allah Ya raya maka Ummi, Ya sanyaya maka zuciya.