Tambaya ta Goma Sha Tara

Litinin, 7 ga Oktoba 2024, 9:40 na safe

Cikin kwalekwale, daga Haɗeja zuwa wani ƙauye bayan Auyo. Ranar farko a aikin rubuta asarar manoman da ruwa ya ci wa gona. Gwajin mako biyu ne. Fom talatin kullum, in na gaza a sallame ni. Tun da na gama jami'a, wata goma sha ɗaya, wannan ne aikin farko.

Tambayoyi goma sha tara. Ta ƙarshe: "Akwai wani abin da kuka rasa da ba mu tambaya ba?" A gefenta an rubuta "na ganin dama". Na tambayi Malam Munzali, shugabanmu. Ya ce, "Ba dole ba ce, kamar nafila. Ki tsallake, rana na yi."

Talata, 8 ga Oktoba

Fom 31. Duk na tsallake ta ƙarshen.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Wata tsohuwa, Iya Kulu, ta dangwala yatsa a gurbin da na bari. "'Yar boko, wannan fa? Tawadarki ce ta ƙare?" Na ce na ganin dama ne. Ta ce, "To ni na ga dama. Karanto."

Abin da ta rasa irin shinkafa ne, cikin tulu. Mahaifiyarta ta ba ta, shekara arba'in tana shukawa tana ware na baɗi. Bai kai kwano uku ba. Ta sa na maimaita mata abin da na rubuta sau biyu. Minti ashirin da biyu.

24 yau. Na kasa cin tuwo.

Asabar, 12 ga Oktoba

Wani manomi, Malam Gwadabe: ya kasa gane kabarin ɗansa bayan ruwa ya janye. Bai nemi komai ba. "A dai rubuta."

22.

Laraba, 16 ga Oktoba

Malam Munzali ya ce, "Ummussalma, ke mai ƙidaya ce ko mai karɓar gaisuwa?" Amma ya daɗe a kan fom ɗin Malam Gwadabe.

Juma'a, 18 ga Oktoba, 5:15 na yamma

An gama gwaji. Ban canza komai ba, kawai nakan karanta musu fom ɗin har ƙarshe. Litinin za a fitar da sunaye.

Abin da ban sani ba:

Ko sunana na ciki.
Ko akwai mai karanta ta goma sha tara a ofis.
Ko wani a ƙauyukan gaba na da irin shinkafar Iya Kulu.
Abin da Baba zai ce in na yi masa tambayar. Shekara biyu ke nan da ruwa ya ci gonarsa. Buhu nawa kawai na tambaye shi.