Mai Tambayar Inna a Landan

Zuwa ga Inna, a Ɗanzomo.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Baffa Barau da su Laure? Ni lafiya lau, sanyin ma na fara sabawa. In an sami mai zuwa, a aiko mini da kuka.

Kusa da makarantarmu wata tsohuwa tana da ɗan shagon gahawa. Ranar farko na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina gaisuwa kamar a zaurenmu, babu wanda ya ɗago kai. Ita kaɗai ta amsa, har ta tambayi mahaifiyata.

Gahawar ɗaci gare ta, ba na sonta. Amma kullum sai na je, don duk garin nan babu mai ce mini "Yaya Inna?" sai ita.

Ta ce in gaishe ki. Ki sa mini albarka.

Ɗanki,
Halliru