Sunayen waɗanda suka gina majami'armu

Lahadi, 4 ga Agusta 2024

Bayan sujada Fasto Ɗanasabe ya tsayar da ni. Majami'a za ta cika shekara hamsin ranar ɗaya ga wata mai zuwa, kuma ni yake so in ba da tarihinta. "Inna Tala, Babanki ne ya fara, wa ya fi ki sani?" Na ce to. Amma shekarata bakwai lokacin. Gawon da suke addu'a a gindinsa kawai nake tunawa, da ƙafafun manya.

Wanda ya sani Zakari ne, wana. Ba zan je ba.

Talata, 6 ga Agusta

Kunun yara a farfajiyar majami'a, mu matan zumunta. Gero, gujiya, garin zogale. Uwaye sun yi yawa yau, galibi Musulmi, har da matan rugar gabas. Rumbuna sun yi ƙasa, gero bai nuna ba.

Juma'a, 9 ga Agusta

Wata sabuwar fuska ta zo da goyo, yaron ya rame har wuya. Hasiya sunanta, an auro ta nan ƙauyen daga Gazawa. Ina zuba mata kunu ta ce, "Ke ce Gwaggo Tala? Kakana Zakari ya ce in na shiga matsi in neme ki."

Shekara ashirin da shida ba mu yi magana da Zakari ba. Ya musulunta tun yana saurayi, Baba bai kore shi ba. Ni ce ranar jana'izar Baba na tare ƙofa na ce ba zai taɓa gawar ba. A gaban mutane. Ya sa takalminsa ya tafi.

Talata, 13 ga Agusta

Na raka Hasiya likita a Agiye. Sun auna yaron, sun ce zai tashi. Yana da kunnuwan Baba.

Alhamis, 15 ga Agusta

Na hau kabu-kabu zuwa Gazawa. Don tarihi kawai, haka na gaya wa Fasto.

Zakari ya tsufa. Ido ɗaya ya tafi. Na yi sallama, ya ce, "Tala, kin yi murya irin ta Inna." Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma.

Ya faɗa mini komai. Gidajen Kirista uku ne da farko. Maigari na lokacin, Malam Jibrilla, shi ya ba da filin, ya ce maƙwabci ba ya addu'a cikin ruwan sama shi yana kallo. Mata suka ɗebo ruwa, maza suka kwaɓa laka. Shi Zakari da jakinmu ya yi jigilar tubali kwana arba'in, har bayan jakin ya yi gyambo. Azarar rufi kuwa wani makiyayi, Jaye, ya kawo, don Inna ta yi jinyar matarsa.

Da aka kira la'asar ya tashi. Na riƙe masa buta, ban san lokacin da na ɗauka ba.

Maganar jana'iza ba wanda ya tayar. Sai da zan tafi ya ce, "Kabarin nan, ana share shi?" Na ce ana yi. Ya ce madalla.

Lahadi, 25 ga Agusta

Na rubuta sunayen maginan. Na sa nasa, na goge, na sake sawa.

Lahadi, 1 ga Satumba

Biki. Baƙi daga Gidan Rumji da Maraɗi, ganga, waƙa har murya ta dushe. Na karanta sunaye. Da na zo kan nasa na ce, "Zakari, wana, Musulmi ne, shi ya ɗauko bangon nan." Ba wanda ya yi gunaguni. Fasto ya ce amin da ƙarfi.

Bai zo ba. Ban sa rai ba dama.

Laraba, 4 ga Satumba

Ya zo yau, wai duba jikarsa. Da hantsi ya ce in nuna masa hanyar maƙabarta, idonsa ba ya gani sosai. Na riƙe hannunsa muka tafi. Ya tsuguna ya daɗe yana cire ciyawa da yatsu. Shi ya yi addu'arsa, ni na yi tawa.

Ban ba shi haƙuri ba. Na buɗe baki, ya ce, "Bari, Tala, rana na yi."

Na dafa masa wake. Ya ce gishiri ya yi yawa, kuma ya cinye.