Buhun Gero a Yamai

Yamai, ran Talata

Zuwa ga ƙanwata Gimbiya, a Yekuwa. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Kiran waya na cin kuɗi, shi ya sa na ba Salisu direba wannan takarda.

Mun iso. Dokotoro ya duba idon Inna, ya ce yanar ido ce, kuma tana ciruwa, amma sai nan da sati biyu. Ni kuwa kuɗin kwana huɗu na ɗauro.

Gimbiya, garin nan ya fi ƙarfin bakina. Gida bisa gida bisa gida, na ɗaga kai ina ƙirga tagogi har hulata ta faɗi. Sai kogi! Shekara talatin ina ginar rijiya, in sauka gaba ashirin in tarar da ruwan da bai kai gwiwa ba. A nan ga shi kwance a fili, ba guga ba igiya, mutane na wucewa ta kan gada ko waiwaye ba sa yi. Na tsaya kallo har wani mai babur ya zage ni. Amma a garin da ke da wannan ruwa, wanda za ka sha a leda sai ka saya. Har ban ɗaki da kuɗi.

Najib ɗan Kawu da ke zaune a nan bai ɗauki wayata ba, yaron da ni na koya wa hawan jaki. Ki gaya wa Kawu ɗansa ya manta da dangi. A rumfar bakin asibiti muke kwana.

Buhun geron da kika dage sai mun taho da shi kuwa, matashin kai nake yi da shi. Injin niƙa akwai, amma in an niƙa a murhun wa za a dafa? In Litinin ta yi ba dabara, zan juyo da ita tun kuɗin mota bai shige ciki ba.

Ki gaida kowa. Yayanki, Ɗantsoho.

Yekuwa, ran Alhamis

Yaya, ina gaisuwa, ina kuma gaida Inna da jiki.

Kada ka kuskura ka dawo mana da ita a makance. Shekara huɗu tana laluben fuskar 'yata Ruma'isa da hannu, ta ce ba za ta mutu ba sai ta gan ta. Ka ba ni labarin tagogi, ka ba ni labarin ruwa, ba ka gaya mini abin da Inna ta ce ba. Ka tambaye ta kuwa? Ka saba yanke shawara kai kaɗai a cikin rami. Geron kuma kada ka sayar, na gonarta ne.

Allah ya dawo da ku lafiya. Ƙanwarka, Gimbiya.

Yamai, ran Litinin

Gimbiya, gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta ɓata mini rai, amma gaskiya kika faɗa. Na tambayi Inna. Ta ce ba inda za ta, kuma in kai ta ta ji iskar kogin da na ishe ta da zancensa.

Jiya da hantsi muka taka gadar a ƙafa, tana riƙe da gefen rigata. Muna sauka ƙetare sai ta ƙame.

"Tsaya. Ka ji?"

Na ce motoci nake ji.

"Kai dai kurma ne. Lugude ake yi. Bugu uku, tafi biyu. Wannan hannun na Waca ne, garin da aka haife ni."

Makauniya ta ja mai ido lungu biyu, sai ga mu a gidan wata mai fura, Kadi, da 'yan'uwanta mata uku a kan turmi. Inna ko sallama ba ta gama ba ta ce, "'Yar wa ce ke a Waca?" Kadi ta saki taɓarya. Ashe kakarta da Inna tare suka yi ƙuruciya.

Da na kawo buhun da yamma, Kadi ta tsoma hannu, ta sansana, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta harare ni ta ce, "Baba, kana kwana kan geron gida kana cin busasshen burodi? Ko akuya ta fi ka dabara!" 

Sun ba mu zaure. Inna na zaune cikinsu tana tankaɗe da hannun da ya san aikinsa, ni kuma zan yashe musu rijiyar lambu. Kada ki yi dariya, gaba biyu ce kacal.

Najib ya zo yau. Ɗaki ɗaya gare shi da yara biyar, kunya ce ta hana shi ɗaukar waya. Ki gaya wa Kawu na janye maganata.

Yayanki, Ɗantsoho.

Yamai, ran Juma'a

Gimbiya, salamu alaikum. Sati biyun sun cika, an yi aikin, an cire auduga. Daga asibiti gada ta ce in kai ta. Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta ce, "Duk wannan, kuma ba mace ko ɗaya a layin ɗiba?" Sai ta juyo ta dube ni, ta ce, "Kai kuma yaushe ka yi furfura haka?"

Muna tafe ran Lahadi. Ki wanke wa Ruma'isa fuska.

Ɗantsoho.